Dabino Ba Bishiya Ba Ne

Injin zarton ya riga ya fara kuka lokacin da Sista ta banko ƙofar kicin, ludayi a hannu, takalmi a ƙafa ɗaya. Kafin haƙoran ƙarfen su taɓa jikin dabinon ta sha gaban mutumin, ta manna bayanta da kututturen.

"Yanka! Amma ta kaina za ka fara!"

Mai Zarto ya daka tsalle baya, ya kashe inji. "Haba Mama! Saura ƙiris ki ja mini kisan kai da sanyin safiya."

"Uban wa ya buɗe maka ƙofa?"

"Ni ne nan."

Sakatare ne, na ƙungiyar masu gidajen layin, maƙwabcinta da katanga ɗaya ta raba su. Yana tsaye da fayil a hammata, fuskar nan a ɗaure kamar mai jiran allura. Shekara talatin da biyu Sista ta yi tana aikin jinya kafin ta yi ritaya, ta san irin fuskar. Shekaranjiya wani busasshen reshen dabinon ya faɗo ya lanƙwasa masa kwanon satilayit ana tsakiyar ƙwallo, tun daga ranar bai ƙara amsa gaisuwarta ba.

Ya zaro takardar dokokin ƙungiyar ya karanta yana jan kowace kalma. "Sashe na bakwai. Duk bishiyar da ta fi rufin gida tsawo, kuma take cikin taku biyar daga katangar maƙwabci, a sare ta. Ga sa hannunki nan, na huɗu daga sama."

Ta sa hannun kuwa. A wajen taron ƙungiyar hankalinta yana kan wayarta, aka miƙo biro ta zana.

Ta ɗaga kai ta dubi dabinon. Marigayi mijinta ne ya shuka shi shekarar da suka tare a gidan, da ƙwallon da ya gama tsotsewa ya tura a ƙasa da ɗan yatsa. Ashe namiji ne. Bai taɓa ba ta ko ƙwaya ɗaya ba, inuwarsa ma gidan mutane take sauka. Kullum da safe in tana shara sai ta yi masa faɗa: dogo, ba amfani, sai zubar da shara, sak mai shi. Tun da mai shi ya rasu, shi kaɗai ya rage mata na yi wa faɗa a gidan. Wani kuma ya zo da inji?

Ana cikin haka ƙaramar ƙofa ta buɗe, Auta ya shigo yana shinshina iska. Ƙaninta ne, malami a jami'a, fannin tsirrai, wanda duk Asabar ƙafarsa ke kawo shi daidai lokacin da ake sauke tukunya.

"Yaya, lafiya kika rungumi itace?"

"Likitan ganye, yau ga ranarka. Karatun da aka yi ta wahala a kanka, zo ka nuna amfaninsa ko sau ɗaya."

Auta ya karɓi takardar ya karanta, ya sake karantawa, sai ya fashe da dariya har yana dafa kafaɗar Mai Zarto.

"Bishiya aka rubuta? To ai shi ke nan. Dabino ba bishiya ba ne."

Sakatare ya cire gilashi, ya dubi dabinon tun daga gindi har inda ganyensa ke kaɗawa sama da rufin bene, ya mayar da gilashi. "Malam, ka karya kuwa?"

"Shi na zo yi. Amma zo ka gani."

Ya ja shi wajen wayar shanya. Bakinta ɗaya a ɗaure yake a jikin dabinon, ɗayan a jikin wani gajeren mangwaro da ke kusa da famfo.

"Yaya, yaushe aka ɗaura wayar nan?"

"Ta kai shekara ashirin. Mai shi ya ɗaura, a karkace, kamar yadda yake komai."

"Ranka ya daɗe, nemo mini ƙullin wayar a jikin mangwaro."

Sakatare ya sunkuya. Babu ƙulli. Ɓawo ya haɗiye wayar, ta shige cikin jiki kamar bel a tumbin attajiri.

"Yanzu taɓa na dabino."

Ya taɓa. Wayar ta motsa, har yatsa yana shiga.

"To ka gani," in ji Auta, muryar aji ta zo masa. "A wurinmu, bishiya ta gaskiya tana da wani siririn rai a ƙarƙashin ɓawo da ke ƙara mata sabon katako duk shekara. Shi ya sa take ƙiba, shi ya sa in an yanke ta ake ganin zobe-zobe a ciki. Dabino ba shi da wannan. Tun yana ƙasa yake yin kaurinsa, daga nan sai miƙewa. Ba katako a cikinsa, zare ne dunƙule."

"Wallahi ya yi gaskiya," Mai Zarto ya sa baki. "Na taɓa yanka irinsa. Kamar ka yanka tsintsiya mai ƙiba. Ya cuɗe mini sarƙa, na wuni ina tsince zare. Ni dama ba da son raina na zo ba."

"Kai ba a tambaye ka ba," in ji Sakatare. Ya juya ga Auta. "In ba bishiya ba ne, mene ne? Falwayar lantarki?"

"In ka bi dangi, ya fi kusa da masara da albasa da ciyawa a kan mangwaron nan. Ƙwallonsa da ganye ɗaya yake tsirowa, kamar su."

"Albasa," Sakatare ya maimaita a hankali. "Albasa ce ta karya mini satilayit."

Sista ta ji wani sanyi ya ratsa ta. Ta saki kututturen ta gyara ɗankwali.

Sakatare ya ga ƙasa na zame masa, sai ya sauko da murya. "To mu yi sulhu, ai mu maƙwabta ne. Kada a sare. A rage masa kai kawai, ya dawo daidai rufi."

Ta buɗe baki za ta yarda, Auta ya ɗaga hannu. "Kul! Mangwaro ne ake yi wa aski ya sake toho. Wannan wurin girmansa ɗaya ne tak, can a ƙoli. Ka cire kan, ka kashe shi."

"Munafuki!" Ludayin ya nufi hancin Sakatare. "Ka so ka kashe mini shi a tsaye ina yi maka godiya?"

"Ni ina na sani? Gwamnati na yi wa aiki, ba gona ba!" Ya share gumi, sannan idonsa ya ƙanƙance. "Malam, tsakaninka da Allah. Duk masana sun yarda da wannan magana taka?"

Nan Sista ta ga abin da take tsoro. Auta ya fara sosa ƙeya. Tun yana yaro bai iya ƙarya ba, shi ke tona musu asiri in sun sha madarar gwangwani.

"To, a gaskiya kalmar bishiya ba ma'ana ɗaya gare ta ba. Wasu ba ruwansu da katako, suna cewa duk tsiron da ya daɗe a raye, ya yi tsawo a kan jiki ɗaya, yana ɗauke da ganye a sama, to ai... Wayyo! Yaya, ƙafata!"

Da ƙafar mai takalmin ta taka shi, ba ta ɗaga ba.

"To ai me?" in ji Sakatare.

"To ai yunwa yake ji," in ji Sista. "Ka ji abin da masani ya faɗa da farko, lokacin yana cikin hayyacinsa. Buɗe fayil ka rubuta."

"In rubuta me?"

"Cewa abin da ke gidana ciyawa ce."

"Yaya, dangin ciyawa na ce, ban ce..."

Ta ƙara danna diddige, ya haɗiye sauran.

Sakatare ya buɗe fayil. Sai ya danna biro ya rubuta, da kyakkyawan rubutu irin na tsofaffin ma'aikata: an tabbatar abin da ke tsakar gida mai lamba tara ba bishiya ba ne, ciyawa ce. Ya miƙa mata, ta sa hannu har biro na huda takarda. Ya sa Auta ya sa nasa a matsayin masani, Mai Zarto ya zama shaida. Ya rufe fayil ya yi mata sallama da fara'a, abin da bai yi ba kwana biyu, ya fita yana latsa waya.

Sista ta daki kututturen da tafin hannu. "Ka ji ko? Duk tsawon nan naka ashe albasa ne kai. Da mai shi na raye da na samu abin goranta masa har ƙarshen shekara."

Ta fito da kujeru ƙarƙashin mangwaro, ta zuba wa Auta da Mai Zarto abinci har da ƙari. Auta na ci yana murza yatsun ƙafa, yana gunaguni cewa in takardar nan ta kai jami'a ya shiga uku, ɗalibai za su sa masa suna.

Ba su kai ga wanke hannu ba aka buga ƙofa, bugu uku na mai iko.

Wata mata ce doguwa cikin kaki, da hula, da tef ɗin awo rataye a wuya. A bayanta maza biyu riƙe da adduna.

"Nan ne gida mai lamba tara? Ni duba-gari ce, daga ofishin tsaftar muhalli." Ta juyo da wayarta, ga hoton takardar, ga sa hannun Sista ɓaro-ɓaro. "An kawo mana rahoton kin bar ciyawa ta wuce gwiwa a cikin gida, kuma kin amsa da hannunki. Doka ta ce a nome ta yau."

Ta ratsa ta gefen Sista ta shigo, tana duban ƙasa, tana neman ciyawa a kan siminti.

"Tana ina?"

Mai Zarto, da loma a baki, ya ɗaga yatsa sama.

Matar ta bi yatsan da ido, ta yi ta ɗaga kai har sai da ta dafe hula. Ta daɗe a haka. Sannan ta sauko da kallonta kan injin da ke jingine da famfo.

"Wannan zarton na waye? Da mai a ciki?"