Mujiya Mai Koren Fiffike

Glenys dai duk garin Morecambe na Ingila an san ta da baki, amma ranar Talatar nan bakin ya mutu murus. Suna bayan shagon gwanjon coci ita da ƙawarta Pauline, suna zazzage buhunan kayan sadaka, sai ga Kawu Wick ya faɗo mata a cinya.

Duk wanda ya yi ƙuruciya a zamaninmu ya san Kawu Wick, mujiyar nan ta talabijin mai gadin fitilar bakin teku, da ke fitowa gab da shayin yamma. Lokacin ba sayen 'yar tsanarsa ake yi ba, iyaye mata ke saƙa shi daga zanen mujalla. Wannan kuwa fiffikensa ɗaya kore ne shar.

"Kai, ji muni!" in ji Pauline. "Wadda ta saƙa wannan ta sha ta yi tatul. Ke, lafiya? Kin yi fari fat kamar kin hango tsohon mijinki."

Glenys ta ɗaga fiffiken. Ga ɗan ƙyallen suna nan, irin wanda ake ɗinka wa kayan makaranta: Clive Ackroyd.

Clive ƙanenta ne. Ulu ne ya ƙare wa mahaifiyarsu, ta warware koriyar safar babansu ta ƙarasa fiffiken. Shi aka saƙa wa, don shi ke ciwon ƙirji. Glenys aka ce ta jira. Ita kuwa, 'yar shekara takwas, haushi ya sa ta cusa mujiyar cikin buhun gwanjo. Clive ya tafi asibiti yana kukan Kawu Wick, bai dawo ba. Shekara hamsin da biyar ba ta faɗa wa kowa ba, matar da ko labule maƙwabciya ta sauya sai gari ya ji.

Ko sallama ba ta yi wa Pauline ba, ta hau bas zuwa gidan tsofaffi. Can mahaifiyarta take, shekararta casa'in da uku, wani lokacin ma ba ta gane ta.

"Mama, ni ce Glenys. Akwai abin da na yi tun..."

Tsohuwa ta karɓi mujiyar, ta shinshina, ta ja fiffiken ta ga ko ɗinkinta na nan.

"Kin daɗe," ta ce. "Ina taga ranar, ja'ira, na gan ki. Na bi buhun har coci, na tarar an sayar."

Sai ta juya ga kujerar da ke kusa da ita, wadda ba kowa a kai.

"To ungo, Clive, share hancinka. Ban ce maka za ta kawo ba?"

Ta ajiye Kawu Wick a kai, ta gyara masa zama. Kujerar da Glenys ke zama ke nan duk Lahadi. Da aka kawo shayi, a tsaye ta sha.