Kunnen Motar Baba

A hanyar dawowa daga Uke, da lodin doya a baya, na faɗa wani rami na ji ƙas! a gaban motar. Daga nan ta kwanta ɓangaren hagu kamar mai ciwon ƙugu. Da lallami na kai ta garejin Godfrey a Nyanya.

Ba karyewar ce ta fi damuna ba, yayana Farouk ne. A-kori-kurar nan ta marigayi babanmu ce, Malam Sale direba, ni nake jigilar doya da ita zuwa Durumi. Farouk kuwa, tunda ya samu ofis mai sanyi a ma'aikata, kunyarta yake ji. Ya riga ya ce in ta sake lalacewa, 'yan gwangwan zai kira su auna ta a kilo.

Godfrey ya ɗaga ta a jak, ya cire taya, ya leƙa. Hausarsa ba ta raba mace da namiji.

"Madam Luba, kunnenka ya karye."

"Nawa lafiya lau yake," na ce, ina shafawa.

Ya yi dariya, ya nuna min ƙarfen da ke riƙe shokozoba a jikin motar. Shi makanikai suke kira kunne. Tsatsa ta cinye shi, ya rabe biyu.

"Ba zan liƙa walda a kan tsatsa ba. Sabo zan yanka. Bari na auna na dama."

Yana kankare lakar kunnen dama sai ga Farouk, cikin farar shadda, yana taka ƙasa kamar za ta cije shi.

"Oga, this motor don try," ya ce. "A bar ta haka nan."

"Oga, zo ka gani tukuna," in ji Godfrey. "Wani ya taɓa gyara wannan side. Aikinta mummuna, amma ko gezau."

Walda ce gudaji-gudaji, a gefenta an rubuta harafin S da narkakken ƙarfe, a karkace. Haka Baba yake sa alama a duk abin da ya gyara, har murhun Inna.

Farouk ya durƙusa a cikin baƙin mai, shadda da komai. Ya daɗe yana bin harafin da yatsa. Ni kam ƙwalla ce ta cika min ido, kuma daɗi nake ji.

Godfrey ya zana kunnen a kwali, ya yanka ƙarfe mai kauri, ya goge wurin har ya yi fari, sannan ya kama walda. Kafin la'asar mota ta tsaya daidai.

Godfrey zai kashe injin walda, sai Farouk ya tsayar da shi.

"Oga, ba ka gama ba. Sa naka harafin a wannan ɓangaren."