Titin da Manyan Motoci Suka Daina Bi

Kowa a garin Shugaba yake ce masa, har matarsa idan tana son tsokanarsa. Ya daɗe yana jagorantar ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta yankin, amma da sayar da kayan gyaran mota ya fara, a wani ɗan shago a tsohon titi. Shagon da ke manne da nasa na wani mai walda ne da ake kira Dogo, ko da yake gajere ne ƙwarai. Su biyun suka fara tara masu shaguna ana tattaunawa, a kan bencinan da Dogo ya haɗa da guntayen ƙarfe. Da aka tashi zaɓe, Dogo ne ya ɗaga hannun abokinsa ya ce, "Wannan ya fi mu baki, ku ba shi."

Bakin kuwa ya yi aiki. Shugaba ya yi ta zarya a ma'aikatu, yana wuni a barandar ofisoshi, har masu gadi suka san shi. Bai gaji ba sai da aka yi sabuwar hanya wadda ta kewaye gari, aka ja wuta, aka ware fili don masana'antu. Kamfanin buhu ya buɗe, na sabulu ya biyo baya. Samarin da suka tafi neman aiki wasu garuruwa suka fara dawowa, kuma idan Shugaba ya ga suna tururuwa a ƙofar kamfani da safe, yakan ce wa direbansa ya rage gudu.

Manyan motoci kuwa suka daina bi ta tsohon titi. Masu faci suka tashi, masu sayar da abinci suka bi su. Shi ma Shugaba ya mayar da shagonsa sabuwar hanya. Ya sa aka ajiye wa Dogo wuri mai kyau a can, ya aiki sakataren ƙungiya ya gaya masa. Sakatare ya dawo ya ce, "Ya ce a gode maka, yana nan inda ka bar shi."

Shugaba ya yi dariya. "Taurin kan Dogo ke nan. Zan je da kaina."

Taro ya bi taro, tafiya ta bi tafiya. Da matar Dogo ta rasu Shugaba yana wata ƙasa wajen baje koli, sai ya sake tura sakatare ya yi ta'aziyya.

Bayan shekaru, washegarin ranar da ya miƙa shugabancin ƙungiya, ya sa kaya da safe kamar kullum, ya zauna a falo bai san inda za shi ba. Matarsa ta ajiye masa shayi ta ce, "Yau dai ba ka da taro. Ko za ka duba abokinka?"

Ya tuƙa kansa. Rabin shagunan tsohon titi a kulle suke, kwaɗunan sun yi tsatsa. A ƙofar shagon walda ya tarar da wata ƙaramar motar kaya, wata mata tana nuna wa masu dako abin da za su ɗauka. Sai da ta ce, "Baba, kai ne?" ya gane 'yar Dogo ce, wadda ya sani tana rarrafe.

Dogo yana zaune a ciki, ya juyo da kunnensa wajen ƙofa. Idanunsa sun yi fari.

"Takun babban mutum nake ji," ya ce. "Zauna, idan ba su kwashe bencin ba."

Shugaba ya zauna. "Tun yaushe idon?"

"Ya jima. Tartsatsin walda ne, a hankali ya ci. Lokacin da ka aiko yaronka na riga na fara laluben ƙarfe da hannu. Me zan je in yi a sabon wuri? A nan na san inda kowane abu yake."

"Me ya hana ka gaya masa?"

"Shi zan gaya wa?"

Shugaba ya sunkuyar da kai. Sai ya fara kawo zancen likitan ido da ya sani. A hankali 'yar ta ce sun riga sun je, an ce an makara. Ta zo tafiya da mahaifinta ne garin da take aure, an sayar da shagon.

"Hanyar nan ta kashe muku titi," in ji Shugaba.

"Hanyarka ba ta yi laifi ba," Dogo ya ce. "Jikana a kamfanin buhu yake aiki, shi yake saya mini magani. Na yi ta faɗa wa mutane ni na ɗaga hannunka. Abin da ya ci mini rai, ranar da uwar yarinyar nan ta rasu, duk motar da ta tsaya sai in ce a duba ko kai ne."

Masu dako suka zo ɗaukar bencin. Shugaba ya kama hannun Dogo ya kai shi mota, ya dafa masa kai kada ya bugi ƙofa. Ya ce zai zo ya gan shi cikin watan nan. Dogo ya ce, "To," kawai.

Ya cika alkawarin, ya je. Suka wuni tare, amma hirar ta ƙi tashi, kowa yana lallaɓa ɗan'uwansa kamar baƙo. Yana shirin komawa karo na biyu 'yar ta bugo waya ta ce mahaifinta ya rasu da safe. Shugaba ya ajiye wayar, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Matarsa ta tsaya a baranda tana sallamar masu zuwa neman shawara, tana ce musu ba ya jin daɗi.