Kejin Sauro a Ɗakin Inna

Ƙarfe ɗaya na rana 'yar Inna ta turo ƙofar gida da ƙafa, rungume da keji mai raga an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul. 'Yan layinsu Uwar Sauro suke ce mata, a bayan idonta dai. Shekara huɗu ke nan tana kiwon sauro a ɗakin bincike, irin da aka gyara don kada ƙwayar zazzaɓi ta iya zama a cikinsu. Yau na'urar sanyaya ɗakin ta mutu, zafi ya kashe keji shida. Wannan kaɗai ya rage.

Inna ta ɗaga tawul ɗin, ta sake shi kamar ta taɓa wuta.

"Ke! Sauro kika kawo mini gida?"

"Kwana biyu kawai, Inna, kafin a gyara. Ɗakinki ya fi sanyi."

"'Ya'yan mutane na kawo wa uwayensu jikoki."

"Ga ɗari uku nan."

Inna ba ta yi dariya ba. Duk layin an san ta da sauro. Tun da zazzaɓi ya ɗauke mata autanta yana shekara biyar, gwangwanin maganin feshi bai taɓa yankewa a gidan ba. Har a jakar unguwa akwai ɗan ƙarami.

"In suka mutu fa?"

"Shekara huɗu ta tafi a banza. Kuma yau dole su sha jini, in ba haka ba ba za su yi ƙwai ba."

"Jinin wa?"

'Yar ta naɗe hannun riga. Na'urar ba su jini ma ta tsaya tun shekaranjiya, nata jinin suke sha, damtsen nan duk ya yi rudu-rudu. Ta zauna a kujera, wai bari jiri ya sake ta tukuna. Kwana biyu rabonta da barci. Ko takalmi ba ta cire ba, sai minshari.

Sai la'asar ta farka. Abin da ta fara gani shi ne saman firiji, inda Inna ke ajiye gwangwanin feshin: ba ya nan. Ƙofar ɗakin Inna a rufe. Ta tashi da gudu, takalmi ɗaya ya fice.

Inna na zaune a bakin gado, ta manna damtsenta a jikin ragar, ta kau da kai wajen bango kamar wadda ake yi wa allura. Sauro sun yi baƙi a wurin, cikinsu ya yi ja. Gwangwanin na tsaye kusa da ƙafarta, da murfinsa.

"Inna!"

"Kar ki yi mini ihu, za ki firgita 'yan banzan. Minti nawa ake yi?"

"Goma."

"To na yi ashirin. Masu haɗama, kamar dangin ubanki." Ta ja tsaki. "Kin tabbata waɗannan ba sa kashe yara?"

"Abin da muke son tabbatarwa ke nan."

Inna ta dubi gwangwanin, ta dubi kejin.

"To ku yi sauri," in ji ta, ta juya ta manna ɗaya hannun. "Ke kuma koma ki kwanta. Kuma kar maƙwabta su ji."

Kafin magariba sun ji.