Giram Ɗari Uku

Shekara ashirin da uku Desmond Thwaite yana tseren mota a tsohon filin jiragen yaƙi na Scarthorpe, bai taɓa ɗaukar kofi ba. Sau biyu ya zo na huɗu, a ɗaya daga ciki kuwa motoci biyar ne suka tashi. Na san haka domin ni ke kaɗa tuta a kwana ta shida, can ƙarshen fili inda zomaye ke zama su yi kallo ba tare da sun sayi tikiti ba.

Motarsa irin ta sauran ce, ba rufi, ba ƙofa, ba gilashin gaba. Bahon wanka ne aka sa wa taya huɗu da fitilu biyu masu kama da idon kwaɗo. A ƙasarmu da ruwan sama ba ya zuwa hutu, dattawa masu cikakken hankali suka zauna suka ga irin wannan motar ce ta dace da su.

Ciwon Desmond shi ne rage nauyi. Ya fara da cire kujerar matarsa Glenda. Daga nan ya kankare fenti, ya huhhuda mariƙin birki, ya yanke kan kowane noti da ya ga ya yi tsawo. Duk abin da ya cire ni yake ba, don ya san ina son tarkace. Ina da gwangwanin biskit bakwai cike da tarkacen Desmond a rumfata. Wani lokaci nakan zazzage su a kan tebur in yi ta tunanin ko za su haɗa wata motar, wadda ta fi tasa kyau.

A bana likita ya duba idonsa ya ce daga wannan kakar babu sabon lasisi. Tseren ƙarshe na watan Satumba shi ne na ƙarshe gare shi har abada. Da ya rasa abin cirewa a jikin mota sai ya koma kan nasa jikin. Ya daina cin dankali, ya daina sa sukari a shayi, ya aske gemun da ya shekara talatin yana tarawa.

Da safiyar ranar na iske shi a rumfar gyara da takarda da fensir. Glenda na zaune a kan tsohuwar taya da burodi biyu masu cuku da albasa a cinyarta, ga butar shayi a gefe.

"Wilf, zo ka ga ilimi," in ji Desmond. "Doka ta ce mota da direba kada su gaza kilo ɗari shida bayan an gama tsere. Ni zan gama da ɗari shida ba rabin kilo."

"Ai kuwa an kore ka ke nan," na ce.

"Kai dai tuta ka iya. Zagayen komawa fa? In an gama sai in bi gefen hanya, inda ɓarɓashin roba yake zube. Taya da zafi, ta kwashe shi, kilo guda kyauta. Kowa yana yi, amma ni kaɗai na yi lissafi."

Gaskiya ne kowa yana yi. Bayan tutar ƙarshe za ka ga motocin suna bin gefen kwalta suna tangaɗi kamar kaji masu tsintar tsaba, tayoyinsu na ɗaukar dattin da suka zubar da kansu.

"Maigida mai lissafi," in ji Glenda, "ci burodin nan kafin iska ta ɗauke ka. Wandonka ma igiya ke riƙe da shi."

"Ke kin san nauyin burodi biyu?"

"Na san nauyin wanda ke ƙin ci. Ni zan ɗauke shi in ya faɗi."

"Bayan tsere, Glenda. Da kofi a hannu zan ci."

"To bari in nemo firij, don zai iya yin wata shekara ashirin da uku yana jira."

Sai ga Gavin Oldroyd, likitan haƙori, wanda ya ci kofi har ya rasa wurin ajiyewa. Ya leƙa cikin motar ya yi fito.

"Baba Desmond, ina sauran motar? Ko gida ka baro ta?"

"Za ka gan ta da kyau, Dakta. Ta baya."

"Allah ya sa. In ka gaji ka ɗaga hannu, Wilf zai kawo maka kujera."

Ranar sai rana ta fito, abin da babu wanda ya shirya masa. Mutane suka yi ta ɗaga kai suna harararta. Na koma kwanata na jera tutocina, wata tsuntsuwa tana can sama tana ta waƙa a wuri ɗaya kamar an rataye ta da zare. Ina cikin kallonta aka tashi tsere.

Zagaye goma sha biyar ne. A na uku Desmond yana na biyar, a na tara yana na uku. Motar nan da aka yi wa fashi tsawon shekaru tana fita daga kwana kamar ɓera ya ga ƙofa a buɗe. A zagaye na goma sha uku Gavin da wani mai jar mota suka iso kwanata kafaɗa da kafaɗa, kowa ya ga girmansa ya wuce ya taka birki. Suka goge juna, suka shiga ciyawa suna juyi, zomaye suka watse. Na kaɗa tutar gargaɗi da dukan ƙarfina. Desmond ya ratsa ta tsakiyar ƙurar, baki buɗe cikin hular kwano. Gavin ya dawo kan kwalta da ciyawa a hancin motarsa, amma ina, an riga an yi nisa.

Desmond ya zo na ɗaya, na ji ihun 'yan kallo daga can nesa. Su kusan arba'in ne, har da masu sayar da shayi.

Sai zagayen komawa. Ga motoci suna tafe a gefen hanya suna tsintar robarsu, Gavin ma da ya zo na biyu yana yi. Ga Desmond kuwa a tsakiyar kwalta, kan layin da tayoyi suka share tas, hannu ɗaya a sama yana gaida jama'a. Ya gaida mai tuta na kwana ta huɗu. Ya gaida na ta biyar. Ya gaida wani tarin tayoyi.

Na fito har bakin shinge ina nuna masa gefen hanya da hannu biyu.

"Roba! Desmond, roba! Bi gefe, tsohon banza!"

Ya ga ina tsalle, ya ɗauka murna ce. Ya sumbaci safar hannunsa ya wurgo mini, ya wuce, tayoyinsa sumul kamar an wanke.

Kafin in tako zuwa rumfar awo an riga an tura motar kan sikeli. Dokar wurin ita ce daga an gama tsere ba mai taɓa mota, ba mai miƙa wa direba ko ɗigon ruwa, sai an auna. Mai awon Mista Pettifer ne, wanda ya yi shekara arba'in a gidan waya yana auna wasiƙu, kuma ban taɓa jin ya yafe wa ambulan ɗaya ba. Desmond na zaune a ciki, gumi ya jiƙa shi sharkaf, yana ta murmushi.

Mista Pettifer ya dubi allo, ya goge tabarau, ya sake duba.

"Ɗari shida ba giram ɗari uku."

"Sikelinka ya tsufa, ranka ya daɗe," in ji Desmond.

"Tare muka tsufa. Fitar da ita a sake."

Aka tura ta waje, aka dawo da ita. Aka juya ta ta fuskanci gabas. Desmond ya ja numfashi ya riƙe, ko iska za ta taimaka. Allon bai motsa ba.

"Alwyn," Desmond ya ce wa mai awon a hankali, yau ya kira shi da sunansa, "shekara ashirin da uku. Giram ɗari uku fa. Ƙwallon albasa biyu."

"Da ka zo da su," in ji Mista Pettifer, ya ja layi a kan sunan Desmond.

Glenda ta ratso mutane da jakarta. Ba ta yi faɗa ba. Ta tambayi Mista Pettifer ko an gama, ya ce an gama. Sai ta ɗora burodin nan biyu a cinyar mijinta, ta tsiyaya shayi ta miƙa masa, ta ja da baya ta harɗe hannu. Duka muka juya ga allo. Ɗari shida da giram hamsin.

"Ka ga ilimi, Wilf," in ji ta.

Gavin aka ba kofin. Ɗan ƙarami ne, na gwangwani, ƙwai ɗaya zai cika shi. Ya zo yana juya shi a hannu, kunya ta kama shi.

"Baba, ka riƙe shi mana. Kowa ya ga wanda ya riga isowa."

"Kai shi asibitinka, Dakta, masu ciwon haƙori su tofa a ciki."

Bai fito daga motar ba sai da ya cinye burodin duka biyu, a kan sikelin, Mista Pettifer na jira da makulli a hannu. Da ya gama ya kakkaɓe cinyarsa ya dube ni.

"Kujerar Glenda tana wurinka?"

"Tana nan. Kyanwata ke kwana a kai."

"Kawo ta gobe, da notinanta. Ta ce in kai ta bakin teku."

"A wannan bahon?" in ji Glenda. "Sai ka dawo da fentin ma."

Washegari na kai kujerar a baro. Notinan ne ban tabbatar ba, don gwangwani bakwai ne, kuma duk kansu a yanke yake.