Kaka ta Talatin da Bakwai

Tarihin kakar wasa saba'in da huɗu Lurleen Gaskill ta rubuta ba wanda ya ɗaga mata murya. Saura ɗaya, kuma ita ta hana ta sakat.

Ƙungiyar Maƙeran Port Calder za ta cika shekara saba'in da biyar tana buga ƙwallon Amurka, shi ne aka ce a yi littafi, kowace kaka da shafinta: nasara nawa, kaye nawa, canjaras nawa, wa ya horar, sannan sunan duk wanda ya sa hular kwano ya shiga fili ko da na minti ɗaya ne. Aikin kan Lurleen ya faɗa, don shekararta talatin da ɗaya tana ajiyar takardun ƙungiyar a wani ɗaki da ke ƙarƙashin kujerun 'yan kallo, mai warin tsohon takalmi. Yawancin shafukan ba abin a zo a gani ba ne. Kaka ta tara, nasara biyu kaye goma. Ta goma, nasara ɗaya. Ta ashirin da uku kuwa ko ɗaya ba a samu ba, amma mutanen Port Calder suka cika filin maƙil cikin dusar ƙanƙara suna zagin alƙalin wasa, don su dai haka Allah ya yi su. Al'adar ƙungiyar ita ce ba a buga shafi sai kwamitin tsofaffin 'yan wasa ya sa hannu. Sun sa wa duka, ban da na talatin da bakwai.

A kakar nan aka yi yajin aiki. 'Yan wasa suka ce sai an ba su fansho da maganin raunukan da suke kwasa, suka ajiye huluna suka ja layi a bakin ƙofar fili. Masu ƙungiya suka ce ba za a fasa wasa ba. Suka kwaso mutum arba'in da ɗaya daga ko'ina, malaman makaranta, masu lodi a tashar jirgi, masu gadin mashaya, duk wanda ya taɓa buga ƙwallo a jami'a, aka saka su a bas aka ratsa layin da su. Wasa uku suka buga, suka cinye duka ukun. Rana ta ashirin da huɗu yajin ya karye, 'yan wasan ainihi suka dawo ba su sami komai ba. Aka gama kaka da nasara sha ɗaya kaye huɗu, aka shiga zagayen ƙarshe da tazarar nasara ɗaya tak, aka ɗauko kofi. Shi ne kofi ɗaya tilo da garin ya taɓa gani. Aka raba zobban tunawa da kofin ga 'yan ainihi, su kuwa arba'in da ɗayan tuni an sallame su ta ƙofar baya.

Port Calder garin masana'antar ƙarfe ne, kuma babu zagin da ya kai a ce wa mutum ya ƙetare layin masu yajin aiki. Mai riga lamba tamanin da huɗu a cikin bas ɗin nan Dwight Gaskill ne, yayan Lurleen. Mahaifinsu, wanda ya yi shekara talatin a ƙungiyar ƙwadago, ya cire hotonsa daga bango a ranar, har ya koma ga Allah bai sake kiran sunansa ba. Ita kuwa tana da shekara sha tara, a gefen uban ta tsaya riƙe da allo. Tun daga nan tsakaninta da yayanta sai katin Kirsimeti da gaisuwar jana'iza.

Yanzu Dwight yana kwance, ƙoda ta gaji, likitoci sun ce da wuya ya ga narkewar ƙanƙarar hunturun bana. Littafi kuma ranar Juma'a za a kai maɗaba'a. Lurleen tana son ya ga sunansa a ciki kafin ya mutu, kuma ta san kunyar abin da ta yi masa ce ke tura ta. Sau biyu tana aika shafin da sunayen arba'in da ɗayan, sau biyu ana dawo mata da shi an soke su da jan biro.

Ranar Litinin ta aika na uku. Ta cire sunayen kamar yadda aka ce, ta kuma cire wasa ukun. A saman shafin ta rubuta nasara takwas, kaye huɗu.

Ko azahar ba a yi ba ta ji sandar Roscoe Tillery a kan matattakala. Shi ne shugaban kwamitin, kuma shi ne kyaftin a kakar kofi, ƙaton tsoho mai gwiwoyin roba biyu da zoben kofin a yatsa kamar murfin kwalba. Sai da ya ɗauki lokaci kafin ya sauko, yana tsine wa kowane mataki. Ya ajiye takardar a kan teburinta.

"'Yar Gaskill, tabarau ɗinki ne ya fashe ko lissafi kika manta?"

"Sannu da zuwa, Mista Tillery. Zauna kafin gwiwar nan ta kai ka ƙasa."

"Bar ni da gwiwata. Sha ɗaya da huɗu ne. Yaron goye a garin nan ya san sha ɗaya da huɗu ne."

"Haka na sani ni ma. Amma kun ce mutanen nan ba su buga mana ba. To idan ba su buga ba, wa ya ci wasa ukun? Fatalwa?"

"Da takwas ai ba za mu shiga zagayen ƙarshe ba."

"Ba za ku shiga ba kam."

Ya dube ta, ya dubi zoben da ke hannunsa, ya zauna. Ta zuba masa gahawa a kofin takarda, ya kurɓa ya yamutsa fuska ya ce wannan ko a wanke mota da shi sai fenti ya tashi. Sannan ya yi magana ba faɗa, abin da ya fi faɗan damunta.

"Kin san Cletus Mabry? Shafi na talatin da biyar, kin rubuta sunansa. Shekara tara yana tare duka da ƙoƙon kansa don kare mai jefa ƙwallo. Ya mutu a cikin mota a bayan shagon wanki, bai san sunan matarsa ba, ba fansho ba magani. Abin da muka fita nema ke nan. Da ba a samu masu hawa bas ɗin nan ba, mako ɗaya ya rage masu ƙungiya su durƙusa. Ni na ɗauki akwatin gawarsa. Kuma kina so in sa hannu a jera su da shi a littafi ɗaya kamar ba abin da ya faru?"

Lurleen ta yarda gaskiya ya faɗa. Ta san Cletus, ta je jana'izar.

"Ban ce ba abin da ya faru ba," in ji ta. "Cewa na yi ba a cin nasarar mutum a jefar da sunansa. Ku zaɓa, ko duka ko ba ko ɗaya."

"Don yayanki ne."

"Don shi ne. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Roscoe ya ture kofin gefe. Ya jawo takardar, ya soke takwas ya mai da sha ɗaya, ya yi rubutu a ƙasa da manyan baƙaƙe ya tura mata. Ya ce a sa sunayen, amma a ƙarƙashin wannan kanun, ba ragi ba ƙari, in ba haka ba kwamiti ba zai sa hannu ba ko da littafin zai fita da rami a tsakiya. Ta karanta: WAƊANDA SUKA ƘETARE LAYIN YAJIN AIKI.

"Wannan ai zagi ne," in ji ta.

"Tarihi ne. Ke ce mai son a faɗi komai."

Ta so ta yaga takardar a gabansa. Amma sunan ba nata ba ne, kuma an daɗe ana yanke wa Dwight hukunci ba a tambaye shi ba. Ranar Laraba ta ɗauki hutun rabin yini, ta yi tuƙin awa biyu zuwa gidan jinyar da yake.

Ta same shi a bakin taga da bargo a ƙafa, ya rame har agogo na yawo a hannunsa. Hannuwan dai suna nan manya, irin na mai cafe ƙwallo. Ya dube ta sama da ƙasa.

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Yaya."

"To ni ne ke nan. Zauna."

Ta zauna a bakin gado ta yi masa bayani tiryan-tiryan, ba ta ɓoye komai ba. Ta ce in ya ce a'a, za ta koma ta ci gaba da rigima da su, amma littafin zai iya fita babu sunansa. Ta miƙa masa takardar, wadda ta mayar da sunayen a ƙarƙashin kanun. Ya nesanta ta daga idonsa ya karanta kanun, ya bi sunayen da yatsa yana tsayawa a kan wasu.

"Pruitt ya rasu. Vance ma. Wannan kuma direban babbar mota ne, ban san inda ya shiga ba." Ya kai kan nasa ya tsaya. "Ki bar shi yadda Roscoe ya rubuta."

"Yaya, jikokinka za su karanta."

"Su karanta. Na ƙetare ɗin ai, ba ƙazafi ya yi min ba. Ina lodi a tashar jirgi aka kira ni aka ce zo ka sa rigar Maƙera. Na san abin da nake yi. Na san Baba. Na kwana ina tunani, gari ya waye na hau bas." Ya yi tari ya huta. "Ba na alfahari da shi, kuma ƙarya ne in ce miki da an sake kira ba zan je ba. Ki dai tabbatar an sa lambar rigata."

"An sa."

Ya ajiye takardar a kan bargo ya dubi taga. Ba ya kallonta ya yi tambayar.

"Baba ya kalla? Ko wasa ɗaya?"

Ƙarya ta zo mata har bakin leɓe, mai sauƙi, wadda ba mai rai da zai ƙaryata. Amma mutumin da ya karɓi wancan kanun bai cancanci a lallashe shi kamar yaro ba.

"Bai kalla ba. Cire wayar talabijin ya yi, makonni ukun duka."

Dwight ya gyaɗa kai. "Ke fa?"

"Ni ma ban kalla ba. Faifan bidiyon wasannin yana ɗakin ajiyata shekara talatin da ɗaya, ban taɓa sakawa ba." Ta ji haushin kanta. "Sakamakon kawai na sani. Ashirin da huɗu da sha bakwai, sha uku da goma, talatin da ɗaya da ashirin da takwas."

"Sakamako," in ji shi, kamar ta kawo masa farantin da ba abinci. Ya gyara zama da ƙyar, ya ture bargon, ya ɗaga hannuwan nan biyu sama daidai fuskarsa. "Jawo kujera kusa. Wasa na uku, saura daƙiƙa arba'in, suna gabanmu da maki huɗu, ana ruwa. Filin kusan ba kowa, daga waje muna jin ana zaginmu."

"A waje nake," in ji Lurleen.

"Na sani. Na gan ki ta tagar bas. Ki yi shiru in ba ki labari."

Ta jawo kujerar.