Rigar Kwamfutar Kawu

Kwamfutar shagon Kawu ta tsufa. Ita ke sarrafa injin da ke zuba ado a jikin yadi, kuma katin da ke haɗa su ba ya shiga sababbin kwamfutoci. In ta mutu, injin ya zauna.

Wata makaranta ta ba Kawu aikin bajon rigunan ɗalibai, za a karɓa kafin a dawo hutu. Aikin da ya fi kowanne girma tun da ya buɗe shagon. Kwamfutar kuwa kafin ta buɗe zane ɗaya, Kawu ya yanka riga har ya haɗa kafaɗa.

Ya kira ɗan ƙanwarsa da ya dawo daga karatu, wanda kowa ke ce wa Injiniya.

"Tsohuwar nan za ta kunyata ni. Ko a can ba a koya muku jinyar tsofaffi?"

"Sai an canza mata ƙwaƙwalwa, Kawu."

"Ka haɗa da tawa."

Injiniya ya samo furosesa na gwanjo, wato ƙwaƙwalwar, ya cire tsohon, ya shafa wa sabon man sanyaya, ya ɗaure. Gudun bai gamsar da shi ba. Ya shiga saiti ya ƙara mata sauri fiye da yadda maƙera suka tsara. Zane ya riƙa buɗewa kafin Kawu ya ɗauki almakashi. Sai dai ta ɗau zafi. Ya kwance murfin gefe, ya kafa mata ƙaramar fanka.

"A bar ta haka."

"Tsirara?"

"Haka ta fi so."

Bai ƙara bayani ba, Kawu bai tambaya ba. Washegari Injiniya ya tafi wani gari neman aiki.

A shagon Kawu komai yana da riga: keken ɗinki, rediyo, har dutsen guga. Ga ɓurɓushin zare yana shawagi, yana faɗawa buɗaɗɗen cikin kwamfutar. Zuciyarsa ta kasa ɗauka. Ya auna ta, ya ɗinka mata riga da guntun karan-miski, ya sa shafi mai soso da zif. A gaba ya zuba sunan Injiniya da zaren gwal, tukuici.

Ana tsakiyar aikin bajo injin ya tsaya da allura a cikin yadi. Ƙauri ya cika shagon. Aikin ya koma hannun telan tsallaken titi.

Da Injiniya ya dawo ya zuge zif ɗin, ya leƙa. Allon cikin ya ƙone har wurin zaman katin. Ya daɗe yana kallon sunansa.

Kawu yana kan keken ƙafa, yana facin wando.

"Awon dai ya zauna, ko?"

"Ya zauna, Kawu."

"Ko iska ba ta shiga."

Ya faɗa, sai ƙafarsa ta tsaya a kan keken. Injiniya ya mayar da zif ɗin ya rufe.